Amsoshin Wasiƙunku: Wane Ne Ya Fara Ɗaukar Hoton Gajimaren Taurari?

Kamar kullum, ga amsar da muka bayar a rediyo mun kawo ta a rubuce, domin waɗanda shirin ya wuce su, da kuma waɗanda suka ce mun yi sauri wajen karanta sunaye da shekaru.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Miga, cikin Jihar Jigawa, a yankin fadamar kogin Haɗeja. Mai wasiƙar malamin makaranta ne kuma manomi, ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce da kakar da ta wuce yana kwana a gona yana gadin shinkafarsa da aka yanke, sai wani dare ya ɗora wayar ƙanensa a kan buhu, ya auna ta wajen taurarin nan uku da ke jere reras, ya ɗauki hoto. Da ya duba sai ya ga wani ɗan tabo ja-ja kamar hayaƙi a kusa da su, alhali da idonsa tauraro kawai yake gani a wurin. Da ya kai hoton majalisa sai gardama ta kaure. Wasu suka ce wayar ce ta lalace, wasu suka ce hasken tocila ne, wani dattijo kuma ya gargaɗe shi da ya fita harkar taurari don aikin 'yan duba ne. Shi ne yake tambaya: mene ne wannan abu, wa ya fara ɗaukar hotonsa, kuma shin mutum irinsa, wanda ba shi da dukiya ba shi da digiri a wannan fanni, zai iya yin wani abin kirki a ciki?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Da farko dai kwantar da hankalinka, wayar ƙanenka lafiyarta ƙalau. Abin da ka ɗauka shi ne masana ke kira nebula. Kalmar Latin ce, ma'anarta hazo ko gajimare, Larabawa kuma suna ce masa sadim. Mu a nan za mu riƙa ce masa gajimaren taurari. Wanda ka ɗauka kuwa shi ne mafi shahara a cikinsu, wato na ƙungiyar taurarin da Turawa ke kira Oriyon, Larabawa na ce mata Jauza'u ko Jabbaru. Ba irin gajimaren ruwa ba ne. Tarin iska ne, akasari haidirojin, gauraye da ƙura, kuma faɗinsa ya kai yadda haske, wanda ke gudun kilomita dubu 300 a daƙiƙa guda, sai ya shekara wajen 24 kafin ya ratsa shi. Nisansa daga nan kuma tafiyar haske ce ta shekara 1,300 da ɗoriya. Wato hasken da ya faɗa cikin wayar nan a gonarka ya baro gida tun zamanin daular Banu Umayya, tun Bagauda bai zo Kano ba. A cikin wannan gajimare ne sababbin taurari ke haɗuwa, kuma wasu manya guda huɗu da ke tsakiyarsa su ne ke haska iskar har take ƙyalli.

Dalilin da ya sa waya ta ga ja kai ba ka gani ba kuwa shi ne, idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi in haske ya yi ƙaranci, kuma ba ya tara haske. Abin da ya gani yanzu ya wuce ke nan. Ita kuwa kyamara kamar ƙwarya ce a ƙarƙashin indararo, in ka bar ta ta daɗe sai ɗigo ya taru ya zama ruwa. Ka riƙe wannan misali, domin duk tarihin da za mu ba ka a kansa yake tafiya.

Game da maganar dattijo, wannan fili ba na fatawa ba ne, amma dai tarihi ya nuna malaman Musulunci sun daɗe da rarrabe ilmin falaki da duba. Da falaki ake gane alƙibla da lokutan salla da lissafin wata. Su kansu taurarin nan uku naka sunayen Larabci suke amsawa har a littattafan Turawa: Alnitak da Alnilam da Mintaka, biyu daga kalmomin ɗamara, na tsakiya daga jerin tsakiyar wuya. A nan ƙasar Hausa ma malamai sun daɗe suna lissafin shekarar noma da manzilolin nan 28, kowanne kwana 13, ɗaya kwana 14. Haƙa'a da ka ji ana ambata tare da Hana'a da Zira'a ba wani abu ba ne illa 'yan taurarin da ke kan wannan Jauza'u ɗin. Har waƙoƙi aka yi da Hausa don a sauƙaƙa haddace su, kuma wani Bature, Mervyn Hiskett, ya yi nazari a kansu a shekarar 1967. Saboda haka ba baƙon wuri ka leƙa ba.

Wani malami Bafarishe, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta littafi kan siffofin taurari wajen shekarar 964, a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare a ƙungiyar Andiromeda. Wannan shi ne bayani mafi tsufa da ake da shi a rubuce game da shi. Abin mamaki, bai ambaci na Jauza'u ba, haka ma Batalamiyus na Iskandariya da ya gabace shi. Kamar kai, tauraro suka ɗauke shi. Sai a watan Nuwamba na 1610 wani lauya Bafaranshe mai suna Peiresc ya auna sabon madubin hangen nesa wurin, ya ga hayaƙi ne. Ka lura, lauya ne, sha'awa ce kawai ta kai shi. Bayansa Huygens na ƙasar Holan ya zana shi, aka buga zanen a 1659. A 1769 Charles Messier na Faransa, wanda shi taurari masu wutsiya yake farauta, ya sa shi cikin jerin abubuwan da ke ruɗa shi, ya ba shi lamba 42. Har gobe M42 ake ce masa.

Daga nan aka shiga zamanin zane, shekara fiye da ɗari biyu. Mutum zai tsaya cikin sanyi, ido ɗaya a madubi, hannu riƙe da fensir, ga 'yar fitila da aka rufe don kada ta kashe masa ido. William Herschel, wanda makaɗi ne a Ingila kafin ya koma ga taurari, da wannan gajimare ya buɗe littafin duban da ya fara a 1774, da madubin da ya ƙera da hannunsa. Ɗansa John ya tafi har Afirka ta Kudu a 1834 ya sake zana shi. Matsalar ita ce, kowa da irin zanensa. In ka jera su sai ka rantse ba abu ɗaya suka kalla ba. Sai gardama ta tashi, irin ta majalisarku: shin gajimaren ne ke sauya kama, ko kuwa idanun masu zanen ne suka bambanta? Ga kuma gardama ta biyu wadda ta fi zafi: shin hayaƙi ne na gaske, ko tarin taurari ne da nisa ya sa suka cakuɗe? Lord Rosse na Ailan, mai madubi mafi girma a duniya a lokacin, mai faɗin inci 72, ya ce a 1846 ya ga ya warware ya zama taurari. Ashe ba haka ba ne. Wanda ya raba gardamar shi ne William Huggins, wani ɗan kasuwa a Landan da ya sayar da shagon gidansu ya gina ɗakin duban taurari a bayan gida. A 1864 ya tsefe hasken wani gajimare da na'urar da ke raba haske launi-launi kamar bakan gizo, ya ga 'yan layuka ƙalilan masu haske, wanda alama ce ta iska mai ƙyalli. Ba da jimawa ba ya ga irin haka a na Jauza'u.

Gardamar farko kuwa hoto kaɗai zai kashe ta, gani ya kori ji. An bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, kuma a 1840 wani farfesa a birnin New York, John William Draper, ya ɗauki hoton wata. A 1850 aka ɗauki hoton tauraro na farko, Vega, a jami'ar Harvard. Amma wata da manyan taurari haskensu da yawa. Gajimare kuwa dishi-dishi ne, sai an daɗe ana tara haskensa. Faifan gilashin da ake ɗaukar hoto da shi daga 1851 jiƙaƙƙe ne, ana shafa masa magani a yi amfani da shi nan take, in ya bushe cikin 'yan mintoci ya tashi aiki. Ƙwaryar tana fashewa kafin ruwan ya taru ke nan. Sai a 1871 wani likita a Ingila, Richard Maddox, ya fito da dabarar busasshen faifai, wasu suka yi ta inganta shi, har zuwa ƙarshen shekarun 1870 ya zama ana saye a kanti.

Yanzu mun iso ga amsar tambayarka ta biyu. Mutumin da ya fara ɗaukar hoton gajimaren taurari shi ne Henry Draper, ɗan wancan farfesa da ya ɗauki wata. An haife shi a 1837. Likita ne, yana koyarwa a jami'ar New York, kuma da rana aikin da yake ci da shi ke nan. Da dare sai ya tafi gidansu da ke Hastings, a bakin kogin Hudson, inda ya gina ɗakin dubansa. Shi yake goge madubansa da kansa, matarsa Anna kuwa ita ce mataimakiyarsa a wannan aiki. A 1879 ya ziyarci Huggins a Landan, a can ya ga amfanin busasshen faifai. Da ya koma gida, ran 30 ga watan Satumba na 1880, ya auna madubinsa mai faɗin inci 11 ga gajimaren Jauza'u, ya bar idon kyamara a buɗe har minti 51. Don ka gane zamanin, a lokacin Abdullahi Maje Karofi ne ke sarautar Kano, saura shekara 26 a yi yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906.

Kada ka ji minti 51 ka ce ai ba wuya. Duniya juyawa take, shi ya sa taurari ke fitowa gabas su faɗa yamma. In ka kafa kyamara ka bar ta, kowane tauraro zai ja layi, gajimare kuma ya dame. Dole a ɗora madubin a kan ƙafa mai injin agogo da ke juya shi sannu a hankali daidai da tafiyar sama, kuma agogon zamanin bai isa a sakar masa aiki ba. Sai mutum ya kafa ido a kan tauraro guda, da ya ga ya gota ko da kaurin gashi ne ya mayar da shi da hannu. Ba tari, ba susa, ba gyara tsayuwa. Kuma a ƙarshen Satumba Jauza'u ba ta yin sama sai gab da asuba, saboda haka bayan aikin yini sai da ya raba dare. Hoton da ya samu, gaskiya, ba kyakkyawa ba ne. Tsakiyar gajimaren kawai ta fito, taurari kuma sun kumbura kamar ɗigon tawada. Mu a ganinmu mai yiwuwa naka na kan buhu ya fi shi launi. Amma shi ne na farko. A watan Maris na 1882 ya sake ɗauka, wannan karo minti 137, ya fito da fukafukan gajimaren. Bai ci gaba ba, domin a watan Nuwamba na wannan shekara ciwon ƙirji ya kama shi bayan ya dawo daga farauta a duwatsun yammacin Amurka, ya rasu yana da shekara 45.

Matarsa ba ta bar aikin ya bi shi ba. Ta ba jami'ar Harvard kuɗi da kayan aikinsa don a ci gaba da sunansa, daga nan aka samu kundin taurari na Henry Draper, wanda aka buga tsakanin 1918 da 1924, mai ɗauke da taurari sama da dubu 225. Mata ne suka yi mafi yawan aikin tantance faya-fayan. Ɗaya daga cikinsu, Williamina Fleming, 'yar aikin gida ce a da a gidan shugaban wurin, kuma ita ce a 1888 ta hango wani baƙin gajimare mai siffar kan doki a jikin wani faifai, dab da tauraron Alnitak, ɗaya daga cikin ukun nan naka.

Wanda ya ɗora daga inda Draper ya tsaya shi ma ba masanin jami'a ba ne. Andrew Common sunansa, injiniya ne a wani kamfanin aikin famfo da magudanun ruwa a Landan. A bayan gidansa da ke unguwar Ealing ya kafa madubi mai faɗin inci 36, ya yi ta gwaji yana ɓata faya-fayai, yana gyara agogo. Ran 30 ga Janairu na 1883 ya samu hoton minti 37, bayan 'yan makonni ya samu na sa'a guda. A nan ne abu ya sauya baki ɗaya. A jikin hoton an ga taurarin da ko mutum ya sa ido a wannan madubin kansa ba zai gan su ba. Kafin wannan, ana ɗaukar hoto a matsayin mai kwafe abin da ido ya riga ya gani. Daga ranar aka gane ya fi ido gani. Abin da masu zane suka shekara suna fama da shi, faifai ya kama cikin sa'a, kuma ba ya ƙari ba ya ragi don son zuciya. Ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta ba shi lambar zinariya a 1884. Shi wannan madubi nasa daga baya ya ƙare a ɗakin duba na Lick a Kalifoniya, inda James Keeler ya yi amfani da shi daga 1898 zuwa 1900, ya ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan gajimare wajen dubu 120 da madubin zai iya kamawa.

Na ukunsu shi ne ya fi kama da kai, Malam, domin ɗan manomi ne. Isaac Roberts, an haife shi a 1829 a yankin Wales, ya koyi aikin gini a Libaful tun yana yaro, yana zuwa makarantar dare, har ya zama babban ɗan kwangila. Sai da ya ba shekara hamsin baya sannan ya shiga wannan harka gadan-gadan. A 1885 ya sayi madubi mai inci 20, ya haɗa shi da wani ƙarami a ƙafa ɗaya, yana bin tauraro da ƙaramin, babban yana tara haske sa'o'i. A 1886 ya ɗauki Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, sai ga shi duk kazar da 'yan tsakinta a lulluɓe suke cikin wani siririn hazo. A ƙarshen Disamba na 1888 ya ba ɗan gajimaren nan na al-Sufi sa'a huɗu, sai ya fito a nannaɗe kamar faifan kaba. Roberts ya zaci wata rana ce da duniyoyinta ke haɗuwa. Ya yi kuskure, amma hoton bai yi ba. A shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar da cewa Andiromeda ba gajimaren iska ba ne, wani gari ne guda na taurari, daban da namu, wanda a lissafin yau nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi. Tun daga nan aka raba suna, aka bar wa na iska da ƙura kalmar nebula.

To ka ga mutum uku ke nan da suka buɗe wannan ƙofa: likita, da injiniyan magudanar ruwa, da magini. Sai dai kada mu ruɗe ka. Dukansu masu hali ne. Madubin inci 36 ba abin da albashin malamin makaranta zai saya ba ne, ko a Ingila ta wancan zamani. Kuma da aka shiga ƙarni na 20 sai gwamnatoci da jami'o'i da attajirai suka karɓe fagen da manyan madubai a kan duwatsu, masu yi don sha'awa suka koma gefe suna fama da fim, wanda ɗan kaɗan ne cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa yake kamawa.

Abin da ya dawo da su shi ne wani ɗan ƙaramin allo na lantarki da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Amurka a 1969, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Wannan allo yana kama fiye da rabin hasken da ya same shi. A shekarun 1990 ya fara shiga hannun masu sha'awa, kuma ɗan'uwansa ne ke cikin wayar ƙanenka. Da kwamfuta ta zo sai aka samu wata dabara: maimakon hoto ɗaya na sa'a huɗu wanda tari ɗaya zai ɓata, sai a ɗauki gajeru ɗari a ɗora su kan juna, haske ya taru, dattin ya wanke.

Za ka ce to ai yanzu akwai madubin Hubble da aka harba sama a 1990, da na James Webb da aka harba a ƙarshen 2021, dukansu kuma sun ɗauki wannan gajimare dalla-dalla, har an ga faya-fayan ƙura kewaye da jariran taurari, irin waɗanda duniyoyi ke fitowa daga cikinsu. Me ya rage wa mai ɗan madubi? Abin da ya rage shi ne lokaci. Manyan madubai layi ake bi a samu sa'a guda a kansu, kuma ɗan wuri ƙanƙane suke kallo. Ran 23 ga Janairu na 2004 wani mai sha'awa, Jay McNeil, yana gwada sabon madubinsa mai inci uku kacal a bayan gidansa a jihar Kentaki, ya ɗauki wani yanki na Jauza'u, sai ya ga ɗan tabon da babu shi a tsofaffin hotuna. Ashe wani jaririn tauraro ne ya yi tartsatsi ya haska ƙurar da ke kewaye da shi. Manyan ɗakunan duba suka juya kansa, aka sa wa gajimaren sunan McNeil. Da aka bincika sai aka same shi a hoton da wani mai sha'awar ya ɗauka a 1966, wato yana zuwa yana ɓacewa, kuma a ƙarshen 2018 an ga ya sake ɓacewa. Haka nan a farkon 2023 aka ba da sanarwar cewa wasu masu sha'awa uku, Marcel Drechsler na Jamus da Xavier Strottner da Yann Sainty na Faransa, sun gano wani ƙaton baka na iska a gefen Andiromeda, bayan sun tara haske na fiye da sa'a ɗari. Wurin da aka shekara 130 ana ɗauka tun daga Roberts, ba wanda ya lura da shi.

Saura tambayarka ta uku. Malam, kana da abin da Common bai samu ba a cikin hayaƙin kwal na Landan, wato duhu. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen nan na taurari da ya ratsa sama, saboda hasken fitilun birane, kuma maƙwabciyarmu Cadi tana cikin ƙasashen da mutanensu suka fi kowa samun sama mai duhu. Ba muna cewa ƙarancin wutar lantarki abin alfahari ba ne, mun san abin da yake jawo wa asibiti da ɗalibi. Amma tunda duhun yana nan, a ci moriyarsa. Daɗin daɗawa, Miga tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka Jauza'u takan hau kusan tsakar ka, inda iska ba ta da kauri. Kuma daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, in ka dubi kudu ƙasa-ƙasa, akwai gajimaren Karina, wanda ya fi na Jauza'u girma nesa ba kusa ba, wanda kuma ba ya ɓullowa ko kaɗan a samaniyar Ingila.

Abokin gābarka shi ne hazo. Lokacin da Jauza'u ta fi daɗin kallo, wato Disamba da Janairu da farkon dare, shi ne lokacin da hunturu ke kwaso ƙura daga hamada. Shi ya sa ka yi sa'ar lokaci ba tare da ka sani ba: ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, hazo bai kankama ba. A tsakiyar Nuwamba takan yi tsaka wajen ƙarfe biyu na dare. Da damina kuwa tana kusa da rana, ba ka ganinta sai da asuba a wajen Agusta. Ka guji farin wata, ka zaɓi kwanakin ƙarshen wata da na farkonsa. Ka matsa daga bakin ruwa zuwa tudu, domin raɓar fadama takan rufe gilashin kyamara. Ka kafa wayar kada ta motsa, ko a kan turmi ne ka tokare ta da buhu, ka sa ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu don hannunka kada ya girgiza ta, kuma kada kowane hoto ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, in ba haka ba taurari za su ja wutsiya. Ka ɗauki da yawa. Akwai manhajoji na kyauta da ke ɗora su kan juna. In Allah ya hore maka tabaran hangen nesa mai ido biyu, ko na hannu ne, ka zauna cikin duhu minti ashirin ba ka kalli waya ba, sannan ka nemi 'yan taurarin nan da ke rataye a kudu da ukun. Na tsakiyarsu shi ne mutumin. Fari-fari za ka gan shi ba ja ba, ka riga ka san dalili. Sai ka miƙa wa dattijon nan shi ma ya leƙa.

Muna roƙonka abu biyu. Ka riƙa rubuta rana da lokaci a kan kowane hoto, don hoton 1966 bai yi amfani ba sai da aka san ranarsa. Sannan ka tambayar mana tsofaffin Miga, manoma da masunta da Fulanin da ke shigowa fadama da rani, sunan da suke kiran taurarin nan uku da abin da fitowarsu ke nuna musu, ka aiko mana tare da hoton kan buhun, mu karanta wa sauran masu sauraro. A gaishe mana da mutanen majalisa.